Ruwan Sama a Waje, Gumi a Ciki: Sharhi kan Zaɓen Rigar Ruwa ta Hawan Dutse

Ƙorafin da aka fi ji daga bakin masu hawan dutse game da rigar ruwa shi ne wai tana yoyo. Mutum ya zuba kuɗi ya sayi riga mai suna, an rubuta a takardarta cewa ruwa ba ya ratsa ta, ya hau tudu cikin marka, ya sauko ya tarar da singiletinsa sharkaf, sai ya ce an cuce shi. Sau da yawa kuwa ko ɗigon ruwan sama bai shiga ba. Guminsa ne ya rasa mafita, ya taru a cikin rigar ya dawo masa. Ruwa biyu mai tattaki ke fama da su, na sama da na jikinsa, kuma har yau ba a saƙa yadin da ya gama da duka biyun a jikin wanda ke haki a kan hawa da jaka a bayansa ba. Abin da nake gani shi ne lambobin da kamfanoni ke bugawa a takarda, da gasar rage nauyi da suke yi, sun ɗauke hankalin masu saye daga abubuwan da suka fi amfani a kan dutse, wato mashigar iska, lafiyar ɗinki, kyan hula da ƙwarin yadi. Riga marar nauyi abin so ce, amma kowane giram da aka rage daga wani wuri aka yanke shi, kuma ya kamata mai saye ya san wurin.

Matsalar ta girmi kowa a cikinmu. A 1823 wani masanin sinadarai a birnin Glasgow, Charles Macintosh, ya yi rajistar dabarar narkar da roba a shafa ta tsakanin yadi biyu. Ruwan sama ya daina shiga, sai masu sa rigar suka koma jiƙewa da zufa, ga wari, ga sandarewa in an yi sanyi, ga danƙo in an yi zafi. Kabidon da manoman ƙasar Hausa ke saƙawa da kaba ya kauce wa wannan ta wata hanya, domin yana zubar da ruwa ta sama ya bar ƙasa a buɗe iska na shiga, sai dai ba ya naɗuwa a jaka. Babban sauyi ya zo a 1969, lokacin da Bob Gore a Amurka ya gano cewa sinadarin Teflon, wanda ake shafa wa kaskon suya don kada abinci ya kama, idan aka ɗumama shi aka fizge shi da sauri yana miƙewa ya zama tantani mai ƙananan ƙofofi. A 1976 aka fara sayar da yadin da sunan Gore-Tex. Kamfanin Gore ya ce akwai ƙofofi kusan biliyan 9 a kowane murabba'in inci, kowace ta fi ɗigon ruwa ƙanƙanta sau 20,000, ta kuma fi ƙwayar tururi girma sau 700, don haka ɗigo ba ya shiga, tururi kuwa yana fita. Wasu kamfanoni suka biyo baya da nasu, irin su Pertex da eVent, da H2No na Patagonia da DryVent na The North Face, yawancin masu sauƙin kuɗi a cikinsu da robar poliyuretan aka yi su. Sai a lura, tururi kaɗai ke wucewa. Gumin da ke tsiyaya a gadon baya sai ya fara komawa tururi kafin ya samu hanya.

Kafin a shiga lambobi, yana da kyau a tambayi ainihin aikin rigar. Jiƙewa ita kaɗai ba ta kisa, yara na wasa cikin ruwan Agusta a lungunan Kano su koma gida lafiya lau. Haɗuwar jiƙewa da iska da gajiya a wurin da babu mafaka ita ce mai haɗari, domin ruwa na kwashe zafin jiki da saurin da ya ninka na iska kusan sau 25, iska mai kaɗawa kuma tana busar da jiƙaƙƙen tufafi ta tafi da sauran ɗumin. A watan Maris na 1964 wasu matasa uku 'yan sikawut suka mutu da sanyi a gasar tattaki ta Four Inns a tuddan Peak District na Ingila. Likita Griffith Pugh, wanda ya raka ayarin da ya fara kaiwa ƙololuwar Everest a 1953, ya gwada irin tufafin da suka sa, ya nuna cewa da zarar sun jiƙe iska ta buge su sai su rasa mafi yawan ɗuminsu. A ranar 22 ga Mayu 2021 kuma, mutum 21 daga cikin 172 suka rasu a tseren kilomita 100 a lardin Gansu na ƙasar Sin, bayan ruwa da ƙanƙara da iska sun rutsa da su a kan tudu, da yawansu sanye da gajeren wando da 'yar shara. Mai karatu a Zariya ko Maraɗi na iya cewa wannan sanyin wasu ƙasashe ne. To, amma zafi na raguwa da digiri 6 zuwa 7 a kowace mita 1,000 da aka hau, kuma Chappal Waddi da ke gandun dajin Gashaka Gumti a Taraba ya kai mita 2,419, duwatsun Shere na Jos sun haura 1,800, Dutsen Kamaru ya haura 4,000. Masu zuwa Kilimanjaro, mai mita 5,895, yawancinsu ta cikin kurmi mai yawan ruwa suke farawa. Saboda haka aikin rigar na farko shi ne tare iska da hana ruwa mai sanyi sabuntuwa a kan fata. Gumin da ya taru a cikinta yana da takura, amma da ɗuminsa.

Lamba ta farko da ake gani a takardar riga ita ce ta juriyar ruwa, a milimita. Ma'anarta, a ɗaure yadin a gindin bututu a tsaye, a yi ta zuba ruwa har ɗigo ya ɓullo ta ƙasa, tsayin da ruwan ya kai shi ne lambar. Milimita 10,000 mita 10 ke nan, kusan tsayin bene mai hawa uku. A Birtaniya an saba kiran yadi mai hana ruwa tun daga 1,500, masu shirya tseren UTMB da ake yi kewaye da dutsen Mont Blanc kuwa 10,000 suke ba da shawara, kuma wajibi ne rigar ta kasance da hula da ɗinki liƙaƙƙe. Idan 10,000 ta wadaci mai kwana yana gudu a tsaunukan Turai, ban ga dalilin da mai hawan Shere zai tayar da hankalinsa don rigarsa ba ta kai 28,000 ba. Amfanin babbar lamba yana wuraren da ake dannewa, ƙarƙashin igiyoyin jaka da gwiwar hannu, da kuma lokacin da yadin ya fara tsufa. Daga 20,000 zuwa sama da wuya jiki ya ji bambanci. Abin da takardar ba ta faɗa ba shi ne yadi aka gwada, ba riga ba. Kowace huda ta allura ƙofa ce, kuma sai an bi bayan ɗinkin daga ciki da wani siririn tef an liƙe shi da zafi kafin ruwa ya daina bin zare. Akwai rigunan da aka liƙe wa kowane ɗinki, akwai waɗanda kafaɗa da hula kawai aka liƙe don rage kuɗi, kuma juya rigar kaɗai ke nuna wace ce a hannunka.

Lamba ta biyu, ta fitar da tururi, ta fi yaudara, kuma a nan ya kamata a daɗe. Ana rubuta ta da giram nawa na tururi ke ratsa murabba'in mita ɗaya a awa 24, a ce 10,000 ko 20,000. In aka raba 20,000 gida 24, ana samun giram 830 da 'yan kai a kowace awa, wanda a lissafi ya isa ya kwashe gumin mai hawa, tun da shi kan zubar da rabin lita zuwa lita ɗaya a awa, wani lokaci fiye. Sai dai hanyoyin gwajin sun sha bamban, har yadi ɗaya kan ba da lambobi masu nisa da juna, kuma kamfani ba ya cika faɗin wace hanya ya bi. Wadda ke ba da manyan lambobi tana ajiye wani sinadari mai zuƙe danshi a ɗaya gefen yadin, abin da babu shi a kan kowane dutse. Akwai wani ma'auni mai suna RET wanda ya fi daidaito, shi ƙaramar lamba ake so, ƙasa da 6 madalla, har zuwa 13 da dama, amma shi ma a ɗakin gwaji ake auna shi. Tururi ba ya fita sai in cikin riga ya fi waje ɗumi da danshi, wannan bambancin shi ne ke tura shi. A tsaunin da ke da sanyi da busasshiyar iska turin na da ƙarfi, tantanin kuma na aiki yadda aka yi alkawari. A gangaren Mambila cikin Agusta, ko a kurmin da ke gindin Dutsen Kamaru inda garin Debundscha ke samun ruwa wajen milimita 10,000 a shekara, iskar waje ita ma ta ƙoshi da danshi kuma tana da ɗumi, sai turin ya yi rauni. Ga jaka ta rufe gadon baya, inda gumi ya fi yawa. A irin wannan yanayi tazarar da ke tsakanin tantani mafi tsada da matsakaici tana raguwa ƙwarai, dukansu biyu sun gaza. Zif ɗin da ake sawa a hammata, wanda in an zuge shi iska ke shiga kai tsaye, ya fi kowane tantani saurin fitar da zafi, haka ma aljihu mai raga daga ciki, da bakin hannu mai sassautuwa, da riga mai ɗan yalwa da iska ke zagayawa a cikinta.

Abin takaici, waɗannan su ne ake fara cirewa in za a rage nauyi. Rigar da ta sauko zuwa giram 150 ko 200 yawanci ba ta da zif a hammata, aljihunta ɗaya, hularta roba ce kawai ke riƙe ta. Sannan yadin kansa an rage shi. Kaurin zare da dinya ake auna shi, harafin D a takarda, wato nauyin zare mai tsayin mita 9,000 a giram. Masu tsananin rashin nauyi kan yi amfani da 10 zuwa 20, wasu 30, masu ƙwari kuwa 40 zuwa 80. Akwai kuma yawan falle. Riga mai falle uku tana da yadin waje, tantani a tsakiya, da wani siririn yadi manne daga ciki mai kare tantanin daga gumi da maiƙon jiki da gogar jaka. Mai falle biyu da rabi ba ta da wannan yadi na ciki, wani ɗan zane ne kawai aka buga a kan tantanin, shi ya sa take manne wa fata in an yi zufa, kuma take saurin ɓarewa a wuya da kafaɗa. Helium ta kamfanin Outdoor Research, mai falle biyu da rabi, ba ta kai giram 200 ba, Torrentshell ta Patagonia mai falle uku da zif a hammata tana wajen 400. Duk tazarar ba ta kai rabin nauyin ledar fiya-wata ɗaya ba, kuma da ita ake sayen iska a hammata, hula mai ɗauri, da yadin da ƙayar farar ƙaya ko kaifin dutse ba za su yaga a fitar farko ba. A ganina ga yawancin masu tattaki riga mai falle uku tsakanin giram 300 da 400 ita ce daidai.

Masu ra'ayin rage kaya suna da amsa, kuma ba ta banza ba ce. Sun ce riga mai nauyi a gida ake barinta, wadda ke dunƙulewa ta shiga aljihu kuwa kullum tana tare da mai ita, ranar da hadari ya taso ba zato ita ce za ta yi rana. Sun ƙara da cewa giram 200 a riga, 300 a takalmi, 500 a jaka, da haka kaya ke zama jibgi. Gaskiya ne, kuma ga wanda rigarsa za ta fi daɗewa a jaka fiye da a jiki hujjar ta tsaya: mai gudu a kan tudu, mai hawan Kufena ko Goron Dutse na awa biyu, mai fita a farkon damina ko ƙarshenta lokacin da ruwa ke saukowa da ƙarfi ya ɗauke cikin rabin awa. Inda hujjar ke karyewa shi ne in aka kai ta tafiyar kwana uku da jaka mai kilo 12, ana ruwa tun safe har la'asar. A nan igiyar jaka na goga siririn yadi dubban sau a yini, kuma rigar da ta mutu cikin damina biyu ta fi wadda ta kai shida tsada ko da kuɗinsu ɗaya. Rashin nauyi da ƙarko da araha ba sa haɗuwa a riga ɗaya, taura biyu ma ba ta taunuwa balle uku. Tambayar da za ta raba gardama ita ce awa nawa rigar za ta yi a jiki ana ruwa, kuma da wane irin kaya a baya.

Daga ɗaya gefen kuma akwai mai cewa duk wannan ɓarnar kuɗi ce, lema ko babbar rigar leda irin ta 'yan acaɓa ta wadatar. A fili mai zafi, inda babu iska sosai kuma gari na kusa, yana da gaskiya fiye da yadda masu sayar da kayan hawa za su so a faɗa, domin babu tantanin da ya kai lema shan iska. Amma a kan tsauni ruwa a karkace yake zuwa, iska na juya lema, hannu biyu ake buƙata a wurin kama dutse, kuma ɗaga ƙarfe sama a ƙololuwa ana walƙiya ganganci ne. Rigar leda mai faɗi kuma tana kaɗawa ta rufe wa mutum ganin ƙafarsa a daidai inda santsi yake.

Akwai wani abu da ke sa riga mai lafiya ta zama kamar ta lalace. Bayan yadin an fesa masa wani magani mai sa ruwa ya dunƙule ya gangara, harafinsa a takarda DWR. In datti da gogayya suka cinye shi, yadin waje na shan ruwa ya yi duhu ya yi nauyi. Tantanin na nan yana tare ruwan, amma tururi ba ya iya ratsa jiƙaƙƙen yadi, ga sanyin da yake kawowa na mayar da tururin ciki ruwa. Shekaru da dama da sinadaran PFAS aka yi ta yin wannan feshi, waɗanda ba sa ruɓewa a ƙasa ko a ruwa kuma suna taruwa a jinin mutum. An sa ɗaya daga cikinsu, PFOA, a jerin haramtattu na Yarjejeniyar Stockholm a 2019, jihohin Kalifoniya da New York suka hana sayar da yawancin tufafi masu PFAS daga Janairun 2025, kamfanin Gore da kansa ya fito da sabon tantani na poliyetilin. Masu cewa sabon feshin marar PFAS bai kai tsohon ba sun faɗi daidai a abu ɗaya, ba ya korar maiƙo, don haka yana saurin ƙazanta. Maganin wanki ne a kai a kai, akasin abin da mutane ke zato na cewa wanki ke kashe rigar ruwa. A wanke da sabulun ruwa marar ƙarfi, ba garin sabulu ba, ba bilic, ba mai tausasa kaya, a ɗauraye sosai, kada a murɗe ta wajen matsewa. In ta bushe a shimfiɗa tawul a kai a bi da dutsen guga mai ɗan ɗumi, zafin na farfaɗo da feshin. Wanda ya miƙa ta ga mai wanki da guga ba tare da bayani ba, kada ya zargi kamfani.

Sauran abubuwan a jiki ake gane su, ba a takarda ba. Hula ta kasance da baki mai ɗan tauri da igiyar ɗaurewa ta ƙeya, ta yadda in an waiwaya za ta juya tare da kai maimakon ido ya faɗa cikinta, mai sa hijabi kuma ta gwada da hijabin a kanta. A ɗaga hannu sama a ga ko gindin rigar na barin ƙugu a buɗe, a duba ko aljihu na sama da inda ɗamarar jaka ke bi, a bar wurin da rigar sanyi za ta shiga ciki. Launi mai haske ya fi a wurin da hazo ke sauka, don a hango mutum. Abin da ke ƙarƙashi kuma na iya ɓata aikin riga mafi tsada: auduga na shan gumi ta riƙe, rigar ƙwallo ta roba kuwa, wadda babu kasuwar da ba a samunta, tana saurin bushewa.

Ga mai saye a Kano ko Jos ko Yamai, sabuwar riga ta asali kuɗin waje ce, don haka da yawa gwanjo za su nufa, irin na Ƙofar Wambai, kuma ana dacewa da kaya masu kyau a can. Sai dai rigar ruwa ta bambanta da kwat ko wando, tana iya mutuwa bayanta na ƙyalli. Robar poliyuretan na ruɓewa a hankali in ta haɗu da danshi da zafi, dila kuwa ta sha zaman jirgin ruwa da na sito kafin a kwance ta. Jabun manyan sunaye ma sun cika kasuwa, kuma alamar ƙirji ita ce mafi sauƙin kwaikwayo a duk jikin riga. A juya ta ciki waje kafin a yi maganar kuɗi, a bi tef ɗin ɗinki da yatsa daga hula zuwa kafaɗa a ga ko ya fara ɗagowa, a ɗaga yadin a hasken rana don ganin huda, a shinshina ko akwai warin tsami na ruɓaɓɓiyar roba. Tef da ya saki a wuri ɗaya ana iya liƙe shi, feshin waje ana iya sabunta shi, zif ma tela na iya gyarawa. Tantanin da ya fara kumbura ko zubar da farin gari a bayan wuya ba shi da gyara, a mayar wa mai kaya da abinsa ko nawa ya rage.